Abota da Kaɗaici a Barikin Kuza: Karanta Steinbeck daga Jos

A 1937, shekarar da John Steinbeck ya fitar da ɗan gajeren littafinsa Of Mice and Men a Amurka, ramukan kuza na Bukuru da Barikin Ladi ba su gama farfaɗowa daga karayar da ta same su ba. Kasuwar duniya ta faɗi a 1929. A 1931 manyan ƙasashen da ke haƙar kuza, wato Malaya da Bolibiya da Indunusiya ta zamanin mulkin Holan da kuma Najeriya, suka ƙulla yarjejeniyar rage abin da suke fitarwa don farashi ya ɗaga. A ofisoshin Landan magana ce ta takarda da sa hannu, amma a tudun Jos sallama ce ga dubban leburori, kowa ya naɗe tabarmarsa ya kama hanya. Guguwar da ta watsa ma'aikatan gona a titunan Kalifoniya ita ce ta watsa namu. Don haka mutumin Jos da ya ɗauki wannan littafi ba baƙon labari ya ɗauka ba, ko da yake inda labarin ya saɓa da namu ya fi inda ya dace da shi koyar da mu.

Labarin ba shi da tsawo, babi shida ne, kuma duk abin da ya faru bai wuce daga yammacin Alhamis zuwa Lahadi ba. George ɗan tsurut ne mai wayo. Lennie ƙato ne mai ƙarfin tsiya, amma hankalinsa na yaro. Sun tsero daga wani gari da ake kira Weed saboda Lennie ya kama rigar wata yarinya don yana son taɓa abu mai laushi, suka sami aikin girbin sha'ir a wata babbar gona kusa da Soledad, cikin kwarin Salinas inda aka haifi Steinbeck a 1902. Burinsu su tara kuɗi su sayi ɗan fili, su yi shuka, Lennie ya yi kiwon zomaye. A ƙarshe Lennie ya kashe matar Curley, ɗan mai gonar, ba da niyya ba, George kuma ya riga 'yan farautarsa isa gare shi, ya harbe shi da hannunsa.

Abin da ya kamata manazarci ya fara lura da shi shi ne yadda kowa a gonar ke mamakin ganin mutum biyu suna tafiya tare. Mai gonar ya zargi George da cinye albashin Lennie, don a ganinsa ba wanda zai ɗauki wahalar wani haka kawai. Slim mai korar alfadarai, wanda ya fi kowa hankali a wurin, shi ma sai da ya tambaya. A duniyar da Steinbeck ya zana, ana ɗaukar lebura shi kaɗai, da katin aikinsa a hannu, a biya shi dala 50 a wata, ya kashe ta a gari daren Asabar, ya wuce gaba. Abota a irin wannan tsari abin tuhuma ce.

A ƙasar Hausa da mamakin ya juya. Wanda ya iso bariki shi kaɗai, ba ɗan garinsu, ba wanda ya san ubansa, shi za a yi wa kallon mai gudun laifi. Ɗan cin rani ba ya fita shi ɗaya. Ana gama girbi samarin ƙauye ke haɗuwa, wanda ya taɓa zuwa ya shige gaba, su nufi inda suka ji akwai aiki. Tun da ƙaramin jirgin ƙasa na Bauchi ya iso Jos da Bukuru daga Zariya a 1914, sannan babban layi ya biyo ta Kafanchan a 1927, hanyar ta ƙara sauƙi. Kamfanonin ma sun fi son ɗaukar mutane ƙungiya-ƙungiya ta hannun heluma, shi ya san mutanensa, shi ake tambaya in aiki bai cika ba. A bariki akwai sarki, akwai liman, akwai mahauci da mai tuwo da wanzami, akwai magajiya. Sunayen wuraren da suka rage har yau, irin su Sabon Gidan Kanar da Dorowa Babuje da Gindin Akwati da Mai Adiko, shaida ce cewa baƙin sun zo da harshensu sun kafa gari, ba kwanan wucin gadi kaɗai suka yi ba.

To ashe leburan kuza bai san kaɗaici ba ke nan? Nan ne nake ganin mai karatu zai iya yin kuskure. Ya san shi, sai dai nasa ba na rashin mutane ba ne.

Dubi Candy, tsohon da ke share ɗakin kwanan leburori. A aikin gonar ya rasa hannu, aka ba shi diyyar da ba ta taka kara ta karya ba, yana zaman jiran ranar da za a ce masa ya isa haka. Da wani lebura, Carlson, ya matsa aka harbe tsohon karensa, ba wanda ya tsaya masa, shi kuma ya gane cewa makomarsa ya gani. Abin da ya sa ya zuba dukan abin da ya mallaka, dala 350, cikin burin George da Lennie na sayen fili na dala 600 ke nan. Ba fili yake saye ba, wurin tsufa yake nema. Candy na bariki shi ne wanda ya bar gida da niyyar rani ɗaya, ya samo kuɗin haraji da na aure, sai caca da bashi suka cinye ladan makon farko da na biyu, damina ta faɗi bai koma ba. Shekara ta zagayo, kunyar komawa hannu rabbana ta fi ta bara nauyi. A gida an daina tambayar matafiya labarinsa, budurwar an aurar, gonar ƙanensa ke nomawa. Ga shi cikin jama'a, ana cin tuwo da shi a kwano ɗaya, ana kiransa da sunan garinsu, Bakano ko Bakatsine ko Basakkwace, amma babu wanda zai gaje shi ko ya kai labarin rasuwarsa. Sunan ɗan bariki ma da aka laƙaba masa ya rufe masa ƙofar komawa da mutunci, don a kunnen mutanen gida wanda ya daɗe a bariki ya lalace, ko da bai taɓa saɓa sallah ba.

Maganar fili ita ce inda labaran biyu suka fi rabuwa. George da Lennie ba su da ko taƙi, mafarkinsa suke yi. Ɗan cin rani yana da gona, barinta ya yi don Bature ya ce a biya haraji da tsabar kuɗi. Akwai kuma mutum na uku da babu irinsa a littafin: Birom da Anaguta da Afizere, masu ƙasar da ake tonawa. Su ba su je ko'ina ba, aikin ne ya zo ya same su, ya birkice gonakin acca, ya bar musu tsibin ƙasa da kududdufai masu zurfi da har yau suke cin mutane da dabbobi. Da yawansu sun shiga aikin ɗaukar ƙasa a ka ne daga baya, su yi yini su koma gida su kwana. Duk nazarin da ya tausaya wa baƙon lebura ya manta da wanda aka yi aikin a kan gonarsa, rabin gaskiya ya faɗa.

Crooks, baƙar fatan da ke kula da dawaki, ba a yarda ya kwana da sauran ba, ɗakinsa na jikin barga, shi da littattafansa. Babi na huɗu, inda Lennie da Candy suka shiga wurinsa ya ɗan saki jiki har ya fara sha'awar shiga burinsu, sai matar Curley ta tuna masa cewa da kalma ɗaya za ta sa a rataye shi, a ganina shi ne babi mafi ƙarfi a littafin. Filin kuza ma haka aka jera shi hawa-hawa: Turawa a gidajensu na Rayfield, akawuna da masu gyaran inji galibi 'yan kudu, sai masu diga da shebur a bukkokin bariki. Waɗanda aka danne ba lalle su haɗa kai ba, sau da yawa junansu suke hucewa a kai, kamar yadda rikicin Hausawa da Ibo na 1945 a Jos ya nuna tun kafin na baya-bayan nan.

Ba na cikin masu ganin littafin ba shi da aibi. Matar Curley ko suna ba a ba ta ba, kuma ko da an ce da gangan ne don a nuna yadda mazan ke kallonta, sai dab da mutuwarta aka bar ta ta yi magana kamar mutum. Sannan Steinbeck ya tsara labarin ne yadda za a iya hawa dandamali da shi, aka kuwa yi wasansa a New York a shekarar da ya fito, shi ya sa ɗinkin ya fito fili da yawa: ɓera ya mutu a hannun Lennie, ɗan kwikwiyo ya mutu, an harbe kare a ƙeya, mai karatu ya riga ya san inda aka dosa.

Ƙarshen kuwa mai karatu Bahaushe ba zai haɗiye shi da sauƙi ba. Abin da ke tsakanin mutanen biyu ya fi kama da amana fiye da abota. Gwaggon Lennie ce ta rene shi, da ta rasu George ya ɗauke shi. George da bakinsa ya ba Slim labarin yadda yake yi masa shaƙiyanci a da, har ranar da ya ce ya faɗa kogin Sacramento, Lennie ya faɗa alhali bai iya iyo ba, da aka tsamo shi kuma ya dinga godiya. Daga ranar ya daina. Mutumin da aka yarda da shi haka, ya zama shi ne mai ɗaukar ran, a wajenmu ba jinƙai ba ne, rai ba na George ba ne balle ya yanke. Amma tambayar da littafin ke jefowa tana nan: ina dangi, ina mai unguwa, ina alƙali, ina wanda za a kai wa Lennie ya ɓoye shi har ƙura ta lafa? Babu ko ɗaya. Laifin George nasa ne, amma wanda ya gina wurin aiki da babu kowa tsakanin lebura da bindigar ɗan mai gida shi ma yana da kaso.

Jos ta ga irin wannan wuri sau ɗaya a fili. Da Japan ta ƙwace Malaya a 1942, Ingila ta rasa babbar hanyar samun kuza tana tsakiyar yaƙi, sai gwamnati ta kafa aikin tilas da mutane suka sa wa suna ɗiban gwamna. Daga 1942 zuwa 1944 an kwaso kimanin mutum 100,000 daga lardunan Arewa, ta hannun sarakuna da hakimai, kowane rukuni ya yi 'yan watanni a kawo wani. Waɗannan ba su zaɓi abokin tafiya ba, ba su da mai masauki, ba su zo da bargon da zai tare musu sanyin tudu ba. Abinci ya yi ƙaranci, cuta ta shiga, wurin aikin madatsar ruwa ta Tenti ya yi ƙaurin suna wajen mace-mace, da yawa suka gudu. Har a majalisar dokokin Ingila sai da aka tayar da maganar. Bill Freund ya rubuta tarihin wannan a littafinsa na 1981 a kan jari da ƙwadago a ma'adinan kuza na Najeriya, amma masanin tarihi adadi da takardun ofis yake bi. Wanda ya kwana kusa da wane, wa ya rufa wa wa tsumma, wannan aikin mai ƙaga labari ne.

A nan adabinmu ya yi shiru. Littattafai biyar da gasar Rupert East ta 1933 ta haifar a Zariya, Ruwan Bagaja da Ganɗoki da Shaihu Umar da Idon Matambayi da Jiki Magayi, an rubuta su ne daidai lokacin da ake sallamar leburori a Bukuru, amma babu wanda ya leƙa rami. Akwai tafiya a cikinsu jingim, sai dai tafiyar jarumi ce ko ta mai wayo ko ta bawa. Mutum biyun da aka fi tunawa da su a kan hanya, Alhaji Imam da Malam Zurƙe na Ruwan Bagaja, ramuwar gayya ce ta haɗa su. Rubutacciyar waƙa kuma, irin ta Mu'azu Haɗeja a kan giya da karuwanci, daga kan mumbari ta kalli rayuwar bariki. Wanda ya sauko ya zauna da ƙaramin ma'aikaci shi ne mawaƙin baka, kuma ba mamaki da ya zama ɗan Bukuru ne: Ɗan Maraya Jos, wanda ya tashi ba uwa ba uba, ya ɗauki kuntiginsa ya yi wa karen mota waƙa a lokacin da manyan makaɗa ke bin fada. Ya rasu a 2015.

Akwai wani abu da ke ci mini tuwo a ƙwarya duk lokacin da aka yi maganar gidan tarihi na Jos, wanda Bernard Fagg ya kafa a 1952. Kawunan yumɓu na Nok da duniya ke zuwa gani, a ramin kuza aka fara tono su tun 1928. Kowane kai yana da lamba da bayanin inda aka same shi. Mai shebur ɗin da ya ci karo da shi ba a rubuta sunansa ba.

Kasuwar kuza ta ruguje a 1985, manyan kamfanoni suka watse, amma haƙa bai tsaya ba. Samari na nan suna sauka ramukan loto da igiya, ran kowane yana hannun wanda ke riƙe da ita a sama, kuma tsofaffin da suka yi aiki da kamfanin ATMN ko na Bisichi suna ƙarewa ɗaya bayan ɗaya. Ɗaliban adabi da tarihi na Jami'ar Jos da marubutanmu na Hausa su je Dorowa da Gana Ropp da Sabon Gidan Kanar da na'urar ɗaukar magana tun akwai masu ba da labari, su tambaye su da wa suka zo, wa ya koma, wa aka binne a nan.