Labarin Ɗan Leƙen Asiri a Ma'aunin Tarke: Nazarin "Labarin Maimaina na Jega, Sarkin Askira"

1.0 Gabatarwa

Daga cikin littattafan tarihin kai da aka rubuta da Hausa, kaɗan ne suka fito daga bakin wanda ya yi wa Turawa aikin tafinta da tattara labarin asiri. Ɗaya daga cikinsu shi ne "Labarin Maimaina na Jega, Sarkin Askira", wanda hukumar NORLA ta buga a Zariya a 1958. Kirk-Greene da Paul Newman sun fitar da shi da Ingilishi a 1971, tare da labarin Dorugu. Manufar wannan takarda ita ce nuna wa ɗalibi yadda ake karanta irin wannan matani.

2.0 Fagen Labarin

Bayan Faransawa sun kashe Rabe a Kusuri, cikin arewacin Kamaru ta yau, a watan Afrilu 1900, ɗansa Fadlallah ya nemi Ingilishi su amince da shi a matsayin mai mulkin Barno. A 1901 Manjo McClintock ya je wurinsa, Maimaina kuwa shi ne tafinta. Kafin maganar ta kai ko'ina, Faransawa suka tsallaka cikin yankin Ingilishi suka kashe Fadlallah a Gujba a watan Agusta 1901. A fage irin wannan, inda ƙasashen Turai uku ke zawarcin ƙasa ɗaya, labari makami ne. Duk abin da Baturen soja ya ji, ta bakin tafinta ya ji shi. Haka ma wanda ake tattaunawa da shi. Saboda haka kowane ɓangare yana bukatar tafinta, kowane kuma yana tsoron kada ya zama mai baki biyu.

3.0 Tarke

Babban armashin littafin shi ne murya. A Ingila, labarin 'yan leƙen asirin Jamus da aka juya suka koma yi wa Ingila aiki a Yaƙin Duniya na Biyu ya fito ne daga alƙalamin wanda ya shugabanci kwamitin da ke juya su, wato J. C. Masterman, a 1972. Adamu Jakada, wanda ya yi zirga-zirga tsakanin Turawa da fadar Kano, an fi saninsa ta rahotannin da ya kai wa Turawa daga 1899 zuwa 1901. Maimaina kuwa da kansa ya ba da labarinsa, kuma da Hausa.

To amma a nan rauninsa yake. Na farko, mai ba da labarin shi ne tauraro, shi ne kuma shaida. Na biyu, ya yi magana ne bayan fiye da shekara hamsin, yana kan gadon sarautar da ya samu a zamanin Turawa. Na uku, hukumar gwamnati ce ta buga littafin, tun kafin a sami 'yancin kai. Mutumin da sana'arsa ita ce sanin abin da zai faɗa da wanda zai haɗiye, ba a tsammanin ya bar wannan hali don ya tsufa. Waɗanda aka leƙi asirinsu kuwa, ba su da bakin kare kansu a cikin matanin. Wannan bai mai da littafin ƙarya ba. Ya dai wajabta wa manazarci ya tambayi kowace jimla: wa ake so ya ji wannan, kuma me zai amfana wa mai faɗa?

4.0 Kammalawa

Wannan ma'auni yana da amfani ga ɗalibin da zai tattara labaran baka a Kaele ko Garwa game da yaƙin Jamus, wanda a cikinsa Garwa ta faɗi a watan Yuni 1915, Mora kuma a Fabrairu 1916. Jikan wanda ya yi wa sojoji jagora zai kira kakansa jakada, jikan wanda aka tona wa asiri kuwa munafuki zai kira shi. Aikin ɗalibi shi ne ya rubuta kalmomin biyu yadda ya ji su, tare da bayanin wanda ya furta kowace.