Pippi Mai Doguwar Safa da Abin da 'Yan Mata Ke Koya Daga Gare Ta

A cikin littattafan yara da aka wallafa a ƙasashen Turai, da wuya a sami wanda ya jawo gardama tsakanin iyaye da malamai kamar labarin wata yarinya wai ita Pippi, wadda a ke yi wa laƙabi da Mai Doguwar Safa. Wadda ta rubuta shi sunanta Astrid Lindgren, mutuniyar ƙasar Suwidin, an haife ta a 1907 kusa da garin Vimmerby, ta rasu a 2002. Asalin labarin kuwa, a 1941 'yarta Karin ta kwanta ciwon huhu, ta roƙi uwar ta ba ta labari, ita ce ma ta ƙago sunan. A 1944 uwar ta zame a kan ƙanƙara ta yi targaɗe, zaman jinya ya ba ta sararin rubuta labarin. Kamfanin buga littattafai na Bonniers ya ƙi karɓa, amma a 1945 ta ci gasar kamfanin Rabén & Sjögren, aka buga littafin farko. Na biyu ya fito a 1946, na uku a 1948, an kuwa juya labarin cikin harsuna fiye da 70.

Pippi yarinya ce 'yar shekara tara, mai jan gashi, safarta ɗaya baƙa ɗaya ruwan ƙasa. Uwarta ta rasu, ubanta kuwa shugaban jirgin ruwa ne wanda guguwa ta jefa cikin teku, ita dai ba ta fid da rai ga dawowarsa ba. Tana zaune ita kaɗai cikin wani tsohon gida a bakin gari, daga ita sai birinta da dokinta da akwati cike da kuɗin zinariya. Ga ta da ƙarfi, har ta kan ɗaga dokin nan sama da hannunta. Maƙwabtanta yara biyu ne, Tommy da 'yar'uwarsa Annika, masu ladabi da tsabta, ba su ƙetare maganar iyaye.

Mai karatu ya iya cewa, to, ina abin koyi ga yarinya a nan? Ai babu 'yar da za ta ɗaga doki, babu kuma wadda za ta gaji akwatin zinariya. Wannan magana gaskiya ce, yara ma sun san haka tun ba a gaya musu ba. Mawallafiyar ta ba Pippi ƙarfi da dukiya ne domin ta kawar mata da abubuwa biyu da su ka fi ɗaure yaro, watau tsoron duka da tsoron yunwa, sa'an nan a ga abin da yarinya za ta yi da kanta in babu mai tsawata mata. Abin da ta yi ɗin shi ne darasin. Ita ke dafa abincinta, ita ke wanke daɓen ɗakinta, ita ta ɗinka rigarta, in dare ya yi ita ke umurtar kanta ta kwanta. Ko da ya ke aikin nata ya kan zo a karkace, ƙwai ya fashe mata a ka, ba ta zauna jiran wani ba. Guntun gatarinka ya fi sari ka ba ni.

Abu na biyu shi ne yadda ta ke aiki da ƙarfin nan. Da ta tarar da yara biyar sun taru a kan wani ɗan yaro suna dukansa, ba ta rama masa da duka ba, sai ta ɗauke su ɗaya bayan ɗaya, wani ta rataye shi a reshen itace, wani ta aza shi bisa shinge. Da 'yan sanda biyu su ka zo su kai ta gidan marayu, sai ta mai da abin wasan guje-guje, ta janye tsani ta bar su bisa rufin ɗaki, daga baya ta mayar musu. Ɓarayi biyu da su ka shigo da dare don zinariyarta, ta sa su rawa har su ka gaji, sa'an nan ta ba su abinci, ta sallami kowannensu da kuɗin zinariya guda. Ranar gobara kuwa, manya na tsaye sun rasa dabara, ita ta yi amfani da biri da igiya da katako ta fid da yara biyu daga bene. Yarinyar da ta karanta wannan za ta gane cewa tsayawa da ƙafarta bai hana ta tausayi ba, tausayin ma ya fi amfani a hannun wadda ba ta jin tsoro.

Amma wanda ke son ya auna amfanin littafin sosai, sai ya dubi Annika, domin ita ce ta yi kama da yawancin masu karatu. Da fari kullum fargabarta kada rigarta ta ɓaci. Ran da Pippi ta gano wani kogon itace ta shiga ciki, Tommy ya bi ta, Annika ta tsaya tana rawar jiki. Ba wanda ya tilasta ta, ba wanda ya yi mata ba'a. Aka sa tsani, ta sauka da kanta, ta iske wurin ba abin tsoro. A littafi na uku har ta bi Pippi tafiyar teku zuwa wani tsibiri mai nisa. Annika ba ta zama mai ƙarfi ba, ba ta kuma bar gidan iyayenta ba, zuciya kawai ta ƙaru da ita. Irin wannan ƙaruwa ce kowace yarinya ke iya samu.

Masu suka ba su yi shiru ba. A 1946 wani shehun malami, John Landquist, ya rubuta a jaridar Aftonbladet cewa halin Pippi ya fi kama da na mai taɓin hankali. Iyaye da yawa su ka ji tsoro kada 'ya'yansu su koyi tsaurin ido, suna ganin icce tun yana ɗanye a ke tanƙwara shi. A Faransa ma fassarar farko ta rage rashin jin yarinyar, sai a 1995 aka fitar da cikakkiya. Tsoron nan ba na banza ba ne, gama Pippi ta kan shara ƙarya, ta kan katse manya, makaranta kuwa yini ɗaya ta yi ta gudu, lissafi ya gagare ta. Sai dai littafin bai ɓoye abin da wannan ke jawo mata ba. Ran da uwar su Annika ta gayyace ta liyafa, ta cinye kek ɗin baƙi, ta hana mata hira, aka ce kada ta sake zuwa, sai ga hawaye a idonta, ta yarda ba ta iya zama da mutane ba. A ƙarshen littafi na uku kuma, yaran nan biyu na cikin ɗumin gidansu su ka hango ta ta taga, tana zaune ita kaɗai tana kallon kyandir. Yaro mai hankali ya san wanda ya fi wani a daren nan.

Kowane allazi da nasa amanu. Babban aibin littattafan shi ne yadda aka mai da uban Pippi sarkin mutanen tsibiri baƙaƙen fata, kamar dai Bature na faɗowa sai a naɗa shi, har da kalmar raini da a ke kiransu da ita. Wannan ra'ayin zamanin mulkin mallaka ne. Gidan talabijin na Suwidin ya cire kalmar daga wasan Pippi a 2014, aka kuma gyara ta cikin sababbin bugu, amma tushen labarin na nan, ya kamata mai karanta wa yara ya nuna musu kuskuren.

Mawallafiyar ba ta tsaya ga labari kaɗai ba. A 1978 ta yi jawabi a Frankfurt ta ƙasar Jamus tana roƙon a bar dukan yara, a 1979 kuwa Suwidin ta zama ƙasa ta farko da ta hana shi da doka. Daga nan a ke gane nufinta tun farko: yarinyar da aka rena cikin aminci, aka bar ta ta gwada hannunta, ta tambayi dalili, ita ce ke girma da amanar kanta. Uban da ya ba 'yarsa wannan littafi kada ya damu da ɗaga doki. Ya zauna su karanta tare, ya tambaye ta inda Pippi ta kyauta da inda ta ɓata, ya kuma saurari amsarta har ƙarshe.