Lissafin waya na cinye daɗin hawan keke

Akwai keken da ake saya da zumuɗi, mai giya da siririyar taya, a haɗa da hular kwano. Wata uku ana murza feda kullum bayan sallar asuba. Sai a wayi gari yana jingine a zaure, ƙura ta lulluɓe sirdi, tayoyi sun sace. Mai shi zai ce aiki ne ya sha masa kai. Sau da yawa kuwa wayar da ke aljihunsa ce ta gajiyar da shi tun kafin ƙafa ta gaji.

A 2009 Mark Gainey da Michael Horvath suka kafa manhajar Strava a San Francisco ta Amurka, kuma masu amfani da ita sun haura miliyan 100. Tana auna nisa da gudu da hawa, ta yayyanka hanya guntu-guntu, wanda ya fi kowa sauri a kowane guntu ta naɗa masa kambu. Tana da amfani: mutum ya ga ci gabansa baƙi da fari, abokai su yaba masa. Matsalar tana farawa ranar da lambobin suka daina hawa, kuma dole su daina, domin jiki ba inji ba ne. Daga nan fita ta zama jarrabawa. Wanda ya yi kilomita 30 cikin sanyin safiya sai ya dawo rai a ɓace, don wani da bai taɓa gani ba ya riga shi da daƙiƙa biyar. Abin ya taɓa kaiwa ga asarar rai: a 2010 wani mahayi ya rasu a gangaren wani tudu kusa da Berkeley, aka ruwaito cewa kambunsa da aka ƙwace yake neman dawowa da shi.

Mai wannan rubutu na ganin an kife abin ne. Wanda ya hau keke don nishaɗi ba kofi yake nema ba.

A dubi Bogota, babban birnin Kolombiya. Tun 1974 aka fara abin da suke kira Ciclovía: kowace Lahadi da ranakun hutu, daga bakwai na safe zuwa biyu na rana, ana hana mota bin tituna masu tsawon fiye da kilomita 120. Mutane sama da miliyan ɗaya ke fitowa, tsoho da jikansa, mai sabon keke da mai ƙwaraɓaɓɓe, masu sayar da lemo a gefen titi. Ba a ba kowa lamba, ga shi an haura shekara 50 ana yi. Kigali ma ta ɗauki irin wannan tun 2016.

Abin da ke riƙe su shi ne zai riƙe mahayi a Kano ko Maraɗi: abokan tafiya da suke jiransa a mahaɗa, har ya ji kunyar komawa barci, sabuwar hanyar burji da ta ratsa gonakin dawa, tsayawa wurin mai shayi ana hira, gumi na bushewa. Ko facin da aka tsaya yi a ƙarƙashin darbejiya, ana tsoma tub a ruwa ana neman inda kumfa ke fita, ya fi zama a rai fiye da kowace lamba. Hukumar Lafiya ta Duniya minti 150 na matsakaicin motsa jiki ta nema a mako, fita uku ta minti 50 ta wadatar.

Ƙungiyoyin masu keke su ware rana ɗaya a mako da za a bar waya a aljihu, a yi tafiya daidai ƙarfin na baya. Hukumomin birane kuma su gwada rufe titi ɗaya tak da safiyar Lahadi, su bar wa kekuna.