Kundin Waƙar Baka da Muryar da Ake Bari a Baya

Nazarin waƙar baka ya daɗe da kafuwa a jami'a. Tun a 1975 Ɗandatti Abdulƙadir ya yi digirinsa na uku a kan Mamman Shata a Jami'ar Indiana ta Amurka, kuma daga baya fannin ya bunƙasa a Kano da Zariya da Sakkwato. Tsarin kundin sananne ne: babi-babi, sannan rataye mai kauri ɗauke da matanin waƙoƙi, ɗiya bayan ɗiya, jagora da 'yan amshi kowa da layinsa. Sai dai abin da ɗalibi ya nazarta da kunne yake shiga, abin da yake miƙawa kuwa takarda ce.

Giɓin ba ƙarami ba ne. Rubutun Hausa na yau da kullum ba ya nuna karin sauti ko tsawon wasali, balle amon kotson Narambaɗa, ko inda Shata ya ja baki ya bar kalangu ya ƙarasa zance. Ɗalibi Bakano da ke rubuta waƙar Ɗanƙwairo yakan mayar da Zamfarci Kananci bai sani ba, kuma mai jarrabawa ba shi da hanyar kama kuskuren. Ga kuma batun kwafi. Shata ya rera Bakandamiya a wurare daban-daban, kowane zubi da ƙarinsa da raginsa. Wanne ɗalibin ya saurara? A nazarin dambe ko bori ko tashe kuwa, rabin maganar a jiki take, sai bidiyo.

Wasu sukan liƙa ambulan a bangon baya su saka faifan CD. Niyya mai kyau ce, amma faifai yana karcewa, ambulan yana ɓallewa, kuma yawancin kwamfutocin hannu na yanzu ba su da gurbinsa. Adireshin YouTube ma ba abin dogaro ba ne, mai shafi na iya gogewa gobe.

Abin da ya dace shi ne ɗakin karatun jami'a ya karɓi ɗaukar sauti ko bidiyon tare da kundin, ya adana ta a rumbunsa na intanet, a tsarin da ba a matse ba irin WAV. Kowace ɗauka ta zo da bayaninta: wa ya rera, a ina, yaushe, wa ya ɗauka. Kowane ɗan waƙa da aka kafa hujja da shi a nuna mintin da ya faɗo.

Sai izini. Matar da ta yarda a ɗauki waƙar dakanta a tsakar gida wataƙila ba ta yarda duniya ta ga fuskarta ba. Dole a tambaye ta, a kuma ware abin da kowa zai buɗe da abin da sai mai bincike. Makarantun karatun gaba da digiri su sa waɗannan sharuɗɗa cikin ƙa'idojin rubuta kundi, domin hujjar da mai jarrabawa bai ji ba, amana kawai ya karɓe ta.