Muna Cin Tuwonsu, Muna Jifansu: Sharhi a kan Littafin Gaudio

Akwai wani littafi da aka rubuta a kanmu, mu Hausawa, wanda mafi yawanmu ko bangonsa ba mu taɓa gani ba. Sunansa Allah Made Us, wato "Allah ne ya yi mu". Wani Ba'amurke masanin harshe da al'ada mai suna Rudolf Gaudio ne ya fitar da shi a 2009, bayan ya daɗe yana zuwa Kano tun farkon shekarun 1990. A kan ƴan daudu yake magana. Na san da jin wanga suna wasu sun fara murmushi, wasu sun tsuke fuska, wasu kuma har sun kai hannu za su juya shafi. Ku dakata tukuna, ƴan uwa. Murmushin nan da tsuke fuskar nan su ne abin da nake son mu tattauna.

Ni ɗalibi ne, ban kai matsayin ba da fatawa ba. Hukuncin luwaɗi a Musulunci malamai sun faɗe shi, kowa ya ji, kuma ban ɗauko biro don in yi jayayya da shi ba. Abin da ya dame ni halinmu ne, mu jama'a: yadda muke yi da mutumin da muke zargi, da kuma ƙaryar da muke yi wa kanmu a kan inda abin ya fito.

Abu na farko da littafin ya yi da kyau shi ne raba kalmomi biyu da bakinmu ya saba cakuɗawa. Daudu daban, luwaɗi daban. Ɗan daudu namiji ne mai magana da tafiya da sana'a irin ta mata: girki, suyar kaji, saida abinci a tasha da kasuwa, hidimar biki, wani lokaci kawalci tsakanin karuwai da masu nemansu. Gaudio ya nuna ba kowane ɗan daudu ne ke neman maza ba. Ya kuma nuna akwai waɗanda ake kira masu harka, maza masu neman maza, da yawansu ba alamar daudu ko kaɗan a jikinsu: ƴan kasuwa, ma'aikata, magidanta masu babbar riga. Ƴan daudun da ya zauna da su suna salla, suna azumi, wasu sun yi aure sun haihu, wasu sun je Makka. Ya saurari maganarsu da kunnen masanin harshe, ya nuna gwanintarsu a habaici da karin magana, da wani zaurancen da suke kira yaren harka. Duk wanda ya taɓa tsayawa sayen abinci a tasha ya ji ɗan daudu na yanka wa wani habaici, ya san nan Bature bai yi ƙarya ba.

To, ga inda maganar ta zo ƙofar gidanmu. A fada, wurin shayi, in aka tabo wannan zance, amsa ɗaya ce kullum: ai Turawa ne suka kawo, ai intanet ce, ai TikTok ce. Haba! Kalmar daudu ba Faransanci ba ce, ba Ingilishi ba ce. Masana sun danganta ta da Ɗan Galadima, iskan nan na bori mai ado da kyauta, kuma an daɗe ana ganin ƴan daudu a wuraren bori da gidajen magajiya. Wa zai koya wa mutumin Maraɗi bori? Sarakunan Katsina da suka kafa Maraɗi bayan jihadi sun taho da shi, kuma sarautar Iya, mace daga gidan sarauta mai kula da ƴan bori, tana cikin tsarin fadar tun can. Wata Bafaranshiya, Jacqueline Monfouga-Nicolas, ta fitar da littafi guda a kan borin ƙasar Maraɗi tun 1972. Kakanninmu sun san ɗan daudu kafin a kafa falwaya ta farko a garin nan. Sun rena shi, sun yi mishi zambo, ba su ba shi ƴa cikin daɗin rai ba. Amma sun bar mishi murhunsa da rumfarsa. Abin da ya canza tsakanin zamaninsu da namu shi ne mun tashi daga reni mun koma farauta.

Wanga canji ma a idonmu aka yi shi. Zamfara ta ƙaddamar da shari'a a 1999, Katsina da Kano suka bi a 2000. Mutanen bariki da dama suka tsallako iyaka suka sauka a Firji, kusa da Ɗan Isa, nan cikin yankinmu na Madarumfa. Su wa ke tsallakowa daga Jibiya da Katsina su same su? Masu motoci, masu kuɗi, waɗanda da rana suke sahun gaba wurin la'anta. A Nuwamban 2000 kuma, sa'ad da aka yi tarzoma a kan bikin FIMA na Alphadi, wanda a Yamai aka shirya shi, fushin ya sauka a Maraɗi a kan mashaya, da gidajen mata marasa aure, da coci, har da gidan Iya. Masaniyar tarihi Barbara Cooper ta yi rubutu a kan wannan rana. Masu tallan kayan ƙawa suna can nesa da tsaron sojoji. Wadda aka ƙone wa ɗaki ita ce wadda ba ta da kowa. Wannan duniyar ta bariki ita ce inda ɗan daudu ke cin abinci, shi ya sa duk guguwar da ta taso, shi da karuwa ne bakin gaba.

Babin da ya fi burge ni shi ne na fim. Gaudio ya duba finafinan Hausa, har da Ibro Ɗan Daudu na marigayi Rabilu Musa. Wa bai yi dariya ba in namiji ya ɗaura zane a ƙirji, ya karya murya, yana tafa hannu yana rangwaɗa? Mun sayi kaset, mun cika gidajen kallo, yau ma muna tura guntayen a WhatsApp. Ɗan wasa ya yi daudun ƙarya ya samu kuɗi da suna. Mai yi da gaske ya samu jifa daga yaran da suka fito daga wannan gidan kallon. Ana so ana kaiwa kasuwa ke nan. In abin ƙyama ne, me ya kai mu biyan kuɗi mu kalla? In abin dariya ne, dutsen na mene ne?

Amma littafin ba ya rasa aibu, kuma zan faɗi uku. Na ɗaya, an rubuta shi da Ingilishi mai nauyi don ɗaliban jami'o'in Amurka. Mutanen da maganarsu ta cika shafukan ba za su iya karanta shi ba, mu ma na wannan gefen iyaka da muka yi lakwal da Faransanci sai da ƙamus a gefe. Na biyu, ƙaramin taken da ke bango yana kiransu masu karya dokar jima'i, sai ya sake ɗaure abin da cikin littafin ya wahala ya kwance. Wanda bango kaɗai ya gani zai tafi da cewa kowane mai tuwo-tuwo ɗan luwaɗi ne, kuma irin wannan fahimta tana iya jawo wa mutum duka. Na uku, wanda ya fi ci mini rai, muryar matan da waɗannan mazan suka aura ba ta fito sosai ba. Ana ce mana wane ya yi aure ya haihu, sai a wuce. To ita matar fa? An tambaye ta? Ta sani?

A kan wanga tambaya ta ƙarshe, labarin ƙasar Sin zai taimaka mana, don su sun raɗa wa irin wannan mata suna. Suna ce mata tongqi, wato matar da mai neman maza ya aura don iyaye su huta da gori a samu magaji. Masana irin su Li Yinhe sun yi shekaru suna rubutu a kan rayuwar masu neman jinsinsu a can. Ku lura, Sin ba ƙasar Turawa ba ce, ba kuma ƙasar Musulmi ba ce, jam'iyyar kwaminis ke mulki. Duk da haka tsofaffin littattafansu na tarihi sun kawo labarin wani sarkin daular Han mai suna Ai da abokinsa Dong Xian, shekaru kamar 2000 da suka wuce. A 1997 aka cire daga doka laifin da ake kama su da shi, a 2001 likitocin ƙwaƙwalwa suka cire abin daga jerin cututtuka. A birnin Shanghai an fara wani taro na shekara-shekara a 2009, ya tsaya a 2020. A 2021 hukumar kula da rediyo da talabijin ta hana nuna maza masu salon mata, a 2023 cibiyarsu ta Beijing ta rufe. Wato a manyan biranen Sin kotu ba ta ɗaure mutum a kan wannan, amma hukuma ba ta son a ji, iyaye kuma jika suke so. Tsarin "a bar kaza cikin gashinta" ne, irin na kakanninmu. Yana hana zubar da jini, ba shakka. Sai dai kuɗinsa wata baiwar Allah ce ke biya, wadda aka kai ɗakin da ba a sonta a ciki.

Mu ma maganinmu ke nan in uwa ta ga ɗanta yana karairaya: a yi mishi aure, zai daina. A nemo yarinya ƴar shekara goma sha, daga ƙauye, a rufe asiri da ita. In auren ya ƙi daɗi, ita ce ba ta iya zama da miji ba. Ƴan uwana mata da ke cikin wannan ƙungiya tamu, wannan magana taku ce kafin ta kowa.

Sai batun doka. A Najeriya Goodluck Jonathan ya sa hannu a dokar hana auren jinsi a Janairun 2014, mai ɗaurin shekara 14. A cikin watan nan kuwa taron jama'a ya yi ta jifan kotun shari'a a Bauchi, suna neman a miƙa musu waɗanda ake tuhuma tun alƙali bai gama ba. A Disamban 2022 Hisbar Kano ta kama mutum 19 a wani taro da ta ce bikin auren jinsi ne. A nan Nijar Mohamed Bazoum ya yi maganar sa hukunci a sabon kundin laifuka a farkon 2023, kundin Refondation na Maris 2025 kuma ya haramta abin. Ko kana goyon bayan waɗannan dokoki ko ba ka goyo, akwai abin da ya kamata mu haɗu a kai: doka aikin alƙali ce, da shaida, da tuhuma, da damar kare kai. Ba aikin ƴan kabu-kabu da gora ba ce, ba aikin mai ɗaukar hoto da waya ya watsa a Facebook ba ce. Addinin da muke cewa muna karewa shi ne ya hana bin diddigin asirin mutane a Suratul Hujurati, shi ne ya sa wa mai ƙazafin zina bulala 80 a Suratun Nur in bai kawo shaidu huɗu ba. Mu kuwa shaidarmu ita ce "ka ji muryarsa?" da "dubi yadda yake tafiya".

Kowa a cikinmu ya san yaron nan na aji, a kwaleji ko a lise, mai sanyin murya, wanda ba ya ƙwallo, wanda aka liƙa wa suna tun yana shekara goma sha biyu. Bai aikata komai ba, mai yiwuwa bai ma san ma'anar sunan ba. Wasu irinsa sun bar lakwal saboda tsangwama, suka faɗa tasha, tasha kuwa ba ta tambayar mutum diploma. Daga baya mu ce mun gani, dama mun faɗa. Laifi tudu ne.

Shawarata a kan littafin ita ce a karanta shi, da ido biyu. Gaudio baƙo ne, yana da inda ya dosa, kuma ba dole mu bi shi can ba. Amma ya zauna ya saurari mutanen da mu muke sayen abincinsu shekara da shekaru ba mu taɓa tambayar sunansu na yanka ba, wannan kuwa abin kunya ne a gare mu masu cewa mu marubuta ne. Kano ya rubuta, iyaka ta tsayar da shi. Labarin Firji, da na matan da aka rufe asiri da su, da na yaron da ya bar aji, yana nan ba a rubuta shi da Hausa ba. Wanda zai rubuta a cikinmu, don Allah ya sakaya suna da unguwa, kada takardar da muka biya dala-dala muka yi wa fotokopi ta zama sanadin fasa wa wani kai.