3.4 Tarken Kalmomin "Adashe" da "Ta Fashe" a Bakin 'Yan Kirifto

A wannan sashe za a yi tsokaci ne a kan wasu kalmomi biyu da mai wannan bincike ya yi ta cin karo da su a majalisun samari da teburan masu shayi a garuruwan Gaya da Ajingi, wato "adashe" da "ta fashe".

Masu jawo mutane su zuba kuɗi a shafukan kirifto na damfara sukan kwatanta harkar da adashe, domin su kwantar wa Bahaushe da hankali. Idan aka yi nazari za a ga cewa wannan kamance gurgu ne. A adashen gargajiya an san uwar adashe, an san gidanta da danginta, kuma idan ta ci amana akwai mai unguwa, akwai alƙali. Bugu da ƙari, adashe ba ya haihuwa. Abin da mutum ya zuba shi yake kwasa. Shi kuwa shafin CBEX, wanda ya durƙushe a watan Afrilu na 2025, alkawarinsa shi ne ninka wa mutum kuɗinsa cikin wata guda. Ke nan an ari sunan adashe, an bar sharuɗɗansa.

Wannan giɓi shi ne ya fito fili wajen bin sawun kuɗin. Hukumar EFCC ta bayyana cewa tana aiki tare da 'yan sandan ƙasa da ƙasa, har ta sanya sunayen wasu cikin waɗanda take nema. Sai dai asusun kirifto jerin lambobi ne da haruffa. Ana iya ganin inda kuɗi ya bi, amma ba a ganin sunan mai riƙe da shi, balle a je ƙofar gidansa. Wani abin takaici ma, bayan rufe asusun jama'a, shafin ya nemi su sake biyan dala 100 ko 200, wai don tantancewa kafin a sakar musu kuɗinsu.

Ita kuwa "ta fashe", ta bazu ne a 2024 lokacin da masu haƙar Notcoin suka samu kuɗi, ma'anarta riba ta samu. A ra'ayin mai bincike, wannan ta fi ta farko gaskiya ba tare da masu faɗarta sun nufa ba, domin a Hausar yau da kullum tulu ma fashewa yake yi, kuma ba a kwashe ruwansa daga ƙasa.