Kalmar Kwance Igiyar Takalmi

Mai karatu, wani ɗalibina na ajin yaƙi da jahilci a nan Gidan Amumune, wanda yakan tafi cin rani Kano, ya komo da wani ɗan littafin koyon Ingilishi. A wani shafi an rubuta unlace, a gabanta an sa "kwance", shi ke nan. Ya ce mini, "Malam, in zan kwance akuya ma haka zan ce?" Ka ga inda taƙaitawa ta kai mu. Littafin bai yi ƙarya ba, amma ya bar mutum a tsakiyar hanya.

Ba kowace kwancewa ce unlace ba. Sai igiyar da aka zura cikin huji-huji aka ja ta tsuke, kamar ta takalmin ƙwallo ko na soja. Ta akuya kuwa untie ce.

Babban laifin littafin shi ne bai raba kalmar biyu ba. Akwai un, akwai lace. Wannan un ɗin tsohuwar Ingilishi ce, aikinta juya aiki baya. Mu a Hausa kalma muke sakewa ɗungum: ɗaure da kwance, rufe da buɗe, tufka da warwara. Su kuwa ɗan guntu suke liƙawa a gaba. Dattijon da aka nuna wa wannan sau ɗaya, in ya ga unlock ko unload ba zai jira malami ba.

Ita lace baƙuwa ce a Ingila. Bayan Normandawa sun ci ƙasar a 1066, kalmomin Faransanci suka kwararo cikin Ingilishi, har da laz, watau igiyar ɗauri. Ita ma daga Latin ta fito, laqueus, ma'anarta zarge, irin wanda ake ɗana wa dabba. Wanda ya yi lakwal a Tasawa ko Mayahi ya san lacet da délacer, to duk gida ɗaya suke. Daga baya Ingilishi ya kira saƙar zare mai huji-huji da wannan suna, mu kuma muka ara muka ce leshi. Ashe kalmar tana cikin akwatin amare a Maradi tun kafin littafin ya iso.

Kada ka ce wannan wasan masana ne. Tun 2025 dokar ƙasa ta sa Hausa ta zama harshen ƙasar Nijar, Ingilishi da Faransanci kuma harsunan aiki. Irin waɗannan littattafai za su yi ta shigowa daga kudu, manoma kuma ba su da lokacin haddace kalma dubu ɗaya bayan ɗaya, aji na rani ne kawai.

Ni dai na ja layi da alli tsakanin un da lace, na aro takalmin wani yaro muka kwance a gaban aji.